Yadda barikin guba ya koma gandun namun daji

  

Hirarmu ta yau za ta kai mu nesa, har ƙasar Amurka. Za mu ba ku labarin wani fili. Da farko gonaki ne. Daga baya soja suka karɓe shi, suka yi shekaru suna dafa guba a cikinsa. Ƙasar wurin ta lalace, ruwan rijiyoyi ya ɓaci, tsuntsaye suka yi ta mutuwa. Yau kuwa filin nan ya zama gandun namun daji. Mutane suna zuwa da ƴaƴansu su sha iska, su kalli dabbobi, ba a karɓar ko dala a bakin ƙofa.

Wanda ya ji haka zai ce: madalla, ashe ƙasa tana warkewa! Gaskiya ne, tana warkewa. Amma ku bi mu har ƙarshen hira, ku ji abin da gyaran ya ci, ku ji kuma abin da bai gyaru ba har yau. Mutanen da sun ce ba a ɓari a kwashe duka.

Ina wurin yake?

A tsakiyar Amurka, wajen yamma, akwai wata jiha da ake kira Kolorado. Babban birninta shi ne Denba. Birnin yana gindin wasu manyan duwatsu da ake ce wa duwatsun Roki. Gabas da duwatsun fili ne shimfiɗe, mai gajeriyar ciyawa, itatuwa kaɗan ne, ruwan sama ma ba shi da yawa. Makiyayin ƙasarmu in ya gan shi da rani zai ce kamar dajin arewa. Bambancin shi ne sanyi: can da hunturu dusar ƙanƙara take rufe ƙasa.

Filin da muke magana yana arewa maso gabas da tsakiyar Denba, tafiyar kilomita 15 ko kusa da haka. Sunansa da turancin Ingilishi Rocky Mountain Arsenal, wato gidan makamai na duwatsun Roki. Mu a nan za mu riƙa ce masa Asanal.

Girman gandun a yau ya kusa hekta 6500. Ku tuna, hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Manomi mai hekta 5, sai an haɗa gonarsa sau 1300 kafin a sami girman wannan wuri.

Tun can da, mutanen asalin ƙasar, ƙabilun Arapaho da Shayen, su ne suke yawo a filin suna farautar ɓaunar Amurka. Bayan su Turawa manoma suka zo, suka kafa gidaje, suka haƙa rijiyoyi, suka ja ruwa, suna noma da kiwo.

Ranar da soja suka zo

A watan Disamba na 1941 Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Shugabannin soja suka ji tsoro kada Jamus ko Japan su yi yaƙi da iska mai guba. Suka ce: mu ma mu tanadi tamu. Sai suka nemi wuri mai nisa da bakin teku, inda jirgin abokan gaba ba zai kai ba, wuri mai hanyar jirgin ƙasa, mai ruwa, mai ma'aikata a kusa. Filin nan na kusa da Denba ya cika duk waɗannan.

A 1942 gwamnati ta karɓi gonakin. Aka biya masu su, aka ce su tashi da gaggawa. Ku manoma kun san zafin barin gonar da mutum ya gyara da hannunsa. Haka iyalan nan suka kwashe kayansu suka fita. Cikin ƴan watanni aka gina masana'antu a inda alkama take.

Me aka yi a ciki? An yi wata guba da ake kira mastad, mai sa fatar mutum ta yi bororo kamar ƙuna, ta ɓata ido da huhu. Wannan ba a jefa ta a yaƙin ba, ajiye ta aka yi. An kuma yi bama-bamai masu tada gobara, su kam an jefa su a kan garuruwan Japan.

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma aiki bai ƙare ba. Gaba ta tashi tsakanin Amurka da Rasha. Daga 1953 zuwa 1957 aka yi wata guba da ta fi ta farko muni, sunanta sarin. Ɗan ɗigo kaɗan ya isa ya tsaida numfashin mutum. A nan ne kuma aka riƙa haɗa man wasu rokoki, har da na tafiya duniyar wata.

Ba soja kaɗai suka yi aiki a wurin ba. Bayan yaƙi gwamnati ta ba ƴan kasuwa hayar wasu gine-gine. Daga 1952 kamfanin Shell ya riƙa yin maganin ƙwari a can, har zuwa 1982. Cikin magungunan akwai biyu da ake kira aldirin da diyeldirin. Ku riƙe sunan na biyun, za mu komo kansa.

Ina aka zuba dattin?

Duk mai rini ya san bayan an gama aiki akwai ruwan da ake zubarwa. Haka masana'anta take. Kowace rana tana fitar da ruwa mai datti, ga shi kuma wannan dattin guba ne. To ina za a kai shi?

Da farko kwazazzabai aka samu a cikin filin, aka riƙa tura ruwan a ciki, kamar yadda ruwan damina yake taruwa a tabki. Ba a shafe gindinsu da komai ba. An ɗauka rana za ta shanye ruwan, shi ke nan. Rana ta sha nata, ƙasa ma ta sha nata.

A nan sai mu tsaya mu fahimci wani abu. Ruwan da ke cikin rijiyarka ba a rijiyar aka haife shi ba. A ƙarƙashin ƙasa akwai yashi da tsakuwa masu riƙe ruwa, kuma ruwan nan tafiya yake yi sannu-sannu, daga tudu zuwa gangare. Ba ya sanin iyakar gona, ba ya sanin shingen bariki. Abin da aka zuba a nan, wata rana zai ɓullo a can.

Haka kuwa aka yi. Cikin shekarun 1950 manoman da ke arewa da Asanal suka ga abin mamaki. Sun yi ban-ruwa da rijiyoyinsu kamar kullum, sai shuka ta yi rawaya, ta bushe. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bincika aka gane dattin bariki ne ya bi ta ƙarƙashin shinge ya iske su.

Sai a 1956 aka gina wani babban tabki mai faɗin hekta 38, aka shafe gindinsa da kwalta don kada ya yoyo. Shi ma daga baya ya yoyo. Ga kuma wata ɓarna: agwagin ruwa masu tafiyar ci-rani in sun hango ruwa daga sama sai su sauka, ba su san abin da ke ciki ba. Dubbai suka mutu a tabkunan Asanal.

Rijiyar da ta girgiza ƙasa

Da tabki ya kusa cika, sai masu ilimin wurin suka kawo wata dabara. Suka ce: mu haƙa rijiya mai zurfi ƙwarai, mu tura dattin can ƙasa inda ba wanda zai sake ganinsa. A 1961 aka haƙa ta. Zurfinta mita 3671, wato ya fi kilomita 3 da rabi. Ku gwada da rijiyar garinku mai gaba 20 ko 30. A watan Maris na 1962 aka fara tura ruwan gubar da ƙarfin inji.

Ba a daɗe ba ƙasa ta fara motsi. Mutanen Denba sun yi shekaru masu yawa ba su ji girgizar ƙasa ta kirki ba, sai ga ta tana zuwa a kai a kai, ƙanana sun kai ɗaruruwa. A 1965 wani masanin duwatsu mai suna David Evans ya ɗauki lissafi biyu ya jera su: yawan ruwan da ake turawa kowane wata, da yawan girgizar da ake ji kowane wata. Sai ya ga suna tafiya tare. In an ƙara ruwa girgiza ta ƙaru, in an rage ta ragu.

Dalilin shi ne, a can ƙasa duwatsun suna da tsaga, nauyinsu ne ya danne su suka zauna shiru. Ruwan da aka tura da ƙarfi ya shiga tsagar ya sassauta su, sai suka riƙa zamewa.

A watan Fabrairu na 1966 aka daina aiki da rijiyar. Amma ƙasa ba ta huce nan da nan ba. Girgizar da ta fi kowace ƙarfi ta zo ne a ranar 9 ga Agusta 1967, ta tsaga bangaye, ta farfasa gilasan tagogi a unguwannin arewacin Denba. Kun ga, an daina laifin da fiye da shekara ɗaya, amma sakamakon yana nan tafe.

Baƙin da ba a gayyata ba

A shekarun 1970 aikin soja ya juya: maimakon yin guba, sai lalata wadda aka tara. A 1982 duk masana'antun suka tsaya. A 1983 jihar Kolorado ta kai soja da kamfanin Shell ƙara a kotu saboda ɓarnar ƙasa da ruwa. A 1987 gwamnatin Amurka ta sa Asanal cikin jerin wuraren da suka fi ƙazanta a ƙasar, waɗanda dole a gyara.

To amma akwai abin da ba wanda ya lura da shi. Masana'antun da tabkunan a tsakiyar filin suke. Kewaye da su an bar daji mai faɗi, an zagaye shi da waya, soja suna gadi, don kada kowa ya matso. Shekara 40 ba garma, ba gatari, ba maharbi, ba mai gina gida. A waje birni yana ta cinye daji. Sai dabbobi suka riƙa gudowa cikin waya, don nan kaɗai ne mutum ba ya damun su.

Da hunturun 1986 masu binciken wurin suka iske gaggafa masu farin kai, garke guda, suna kwana a kan manyan itatuwan bakin wani rafi a cikin bariki. Wannan tsuntsu shi ne tambarin Amurka, hotonsa yana kan hatimin gwamnati da kuɗinsu. A lokacin ya kusa ƙarewa. A 1963, in aka cire jihar Alaska, ma'aurata 417 kaɗai aka ƙirga masu sheƙa a ƙasar. Harbi ya rage su, sannan wani maganin ƙwari mai suna DDT ya riƙa sa ɓawon ƙwansu ya yi laushi, ya fashe kafin a ƙyanƙyashe. An hana DDT a Amurka a 1972.

Ku dubi wannan al'amari. Tsuntsun da maganin ƙwari ya kusa ƙararwa, shi ne ya zo ya fake a gidan da aka yi maganin ƙwari. Me ya kawo shi? Abinci da kwanciyar hankali. Filin cike yake da wata ƴar dabba mai kama da kurege, mai zama cikin ramuka gari guda. Ita gaggafa take kamawa da hunturu.

Doka ta kare wannan gaggafa, don haka ma'aikatan kula da namun daji suka shigo. Da suka ƙirga sai suka ga wurin ya cika da rai. A watan Oktoba na 1992 shugaba Joj Bush, uban, ya sa hannu a kan doka: in an gama gyara, Asanal zai zama gandun namun daji na ƙasa.

Aikin gyara

Zubar da guba abu ne mai sauƙi: a buɗe famfo, shi ke nan. Kwashe ta fa? Ku ji yadda aka yi.

An yi shekaru ana auna ƙasa da ruwa, ana gardama tsakanin soja, da kamfani, da jiha, da mutanen unguwannin kusa. Sai a 1996 aka daidaita a kan tsarin aiki. Aka rushe gine-gine ɗaruruwa. Aka ƙwaƙule ƙasar da ta sha guba, aka loda a manyan motoci, aka kai tsakiyar filin. Can aka gina manyan ramuka biyu, aka shimfiɗa musu yumɓu da leda mai kauri hawa-hawa, aka zuba ƙasar, aka rufe. Inda gubar ta yi zurfi da yawa, ba a tone ba, rufe wurin aka yi da ƙasa mai kauri.

Akwai wata dabara da za ta ba ku sha'awa. An ji tsoro kada dabbobi masu haƙa rami su tona har su kai ga dattin. Kusa da wurin akwai tsohon filin jirgin sama na Denba da aka daina aiki da shi a 1995. Sai aka farfasa kankaren da jirage suke sauka a kai, aka shimfiɗa shi a kan dattin, sannan aka zuba ƙasa, aka shuka ciyawa. Mai haƙa in ya kai ga dutse sai ya koma.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara tare shi a bakin iyakar filin. An jera rijiyoyi, inji yana jawo ruwan, a bi da shi ta cikin wani irin gawayi mai kama guba, sannan a mayar da shi ƙasa. Wasu gidajen da ke shan rijiya a arewa da wurin an ja musu ruwan famfo daga wani waje.

Aikin yana da haɗari. A shekarar 2000 da 2001 ma'aikata suka tsinci ƙananan bama-bamai 10 a cikin tarin tsofaffin ƙarafa, kowane bai wuce girman ƙaramin ƙoƙo ba, amma da sarin a ciki. Sai da aka kawo na'ura ta musamman aka lalata su.

A 2004 aka buɗe gandun da kashi na farko na filin. A 2010 aka gama aikin ƙasa. Kuɗin da ya ci: dalar Amurka miliyan 2100. A kuɗinmu na sefa ya kai wajen miliyar 1000. Soja da kamfanin Shell ne suka biya, kuɗin soja kuwa harajin talakawa ne.

Abin da baƙo zai gani yau

A ce yau ka je Denba, ka ce a kai ka Asanal. Ana buɗe ƙofa da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Shiga kyauta ne. Da farko za ka iske gidan baƙi, wanda aka buɗe a 2011. A ciki an baje tarihin wurin: zamanin mafarauta, zamanin manoma, zamanin guba. Ba a ɓoye wa yara abin da ya faru ba.

Daga nan akwai hanyar mota mai tsawon kilomita 18 da ta ratsa daji. Akwai kuma hanyoyin ƙafa a bakin tabkuna da cikin ciyawa. Irin dabbobi da tsuntsaye da kifaye da aka ƙirga a gandun sun wuce 330. Za ka ga bareyi irin na can, masu ƙaho mai rassa kamar itace. Za ka ga wani dangin dila da suke kira koyoti. Za ka ga ƙaramar mujiya mai zama cikin rami maimakon kogon itace. Da hunturu gaggafa suna taruwa a itatuwansu, wasu ma sun yi sheƙa sun zauna.

Babban abin kallo shi ne ɓaunar Amurka, wadda suke kira bizon. Tana da tozo, da gemu, da gashi mai yawa a kai da wuya. Babban namiji yana kai kilo 900. A da miliyoyi ne suke yawo a filayen Amurka. Maharba suka yi ta kashe su don fata, har kafin shekarar 1900 waɗanda suka rage ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba a daji. A watan Maris na 2007 aka kawo 16 daga jihar Montana aka sake su a Asanal. Sun hayayyafa, garken ya wuce 100. In ka shiga wajen da suke, doka ta ce ka zauna cikin motarka. Tana kama da mai sanyin hali, amma ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba.

Akwai wata dabba da wuya ka gan ta, don da dare take fita. Siririya ce kamar tunku, ƙafafunta baƙaƙe. An taɓa ɗauka ta ƙare a duniya. A 1981 karen wani makiyayi a jihar Wayomin ya kawo gawar ɗaya gida, aka bi sawu aka sami sauran. Da cuta ta faɗa musu aka kama 18 da suka rage, aka yi kiwonsu. Jikokinsu ne aka saki a Asanal a 2015. Abincinsu shi ne kuregen nan mai ramuka. Kun ga yadda abin yake a sarƙe: ciyawa ta ciyar da kurege, kurege ya ciyar da gaggafa da tunku, raminsa ya zama ɗakin mujiya. In ka cire ɗaya, sauran sun shiga uku.

A cikin filin kuma akwai wani gida da ake tara gaggafar da ta mutu daga ko'ina cikin Amurka. Doka ta hana kowa riƙe gashinta, sai mutanen asalin ƙasar, don bukukuwansu na gargajiya. Daga nan ake aika musu.

Mutane dubu ɗaruruwa ne suke zuwa kowace shekara. Ƴan makaranta suna zuwa da malamansu. Yaron birni da bai taɓa ganin naman daji ba, a nan yake fara gani, ga dogayen benayen Denba yana hangowa a bayan ɓauna.

Abubuwa huɗu da aka hana

Yanzu mun zo inda muka ce ku jira. Dokar da ta kafa gandun ta hana abubuwa huɗu a wannan fili.

Na ɗaya: ba a gina gidan zama.

Na biyu: ba a noma, ba a kiwon dabbobin ci.

Na uku: ba a shan ruwan ƙarƙashin ƙasar wurin.

Na huɗu: ba a cin kifi ko naman da aka kama a ciki. Akwai tabkuna biyu da aka yarda a yi fatsa a wasu watanni, bayan an biya ɗan kuɗi. Amma in ka kama kifi, sai ka cire ƙugiya ka mayar da shi ruwa.

Ku duba da kyau. Gida, gona, rijiya, abinci. Waɗannan huɗu su ne abin da ƙasa take ba ɗan Adam. Su ne iyalan 1942 suka bari. Bayan an kashe miliyar 1000, ko ɗaya bai komo ba. A tsakiyar gandun har yanzu akwai fiye da hekta 400 a hannun soja, inda aka binne dattin, ba a shiga. Injinan tace ruwa suna nan suna aiki.

Shi ya sa akwai masu cewa: mayar da wurin gandun daji ya rage wa masu laifi kuɗi, don filin da ba za a zauna a kai ba, ba sai an wanke shi tas ba. Wasu kuma suna cewa: da ba a yi haka ba, da birni ya cinye shi, dabbobi sun rasa mafaka. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Ku ma ku auna.

Mu fa, ina ruwanmu?

Mun ce ku riƙe sunan diyeldirin. Irin wannan magani an yi shekaru ana fesa shi a ƙasashen Sahel, har da Nijar, don yaƙi da fara. An so shi don yana daɗewa bai mutu ba. Daɗewar nan kuwa ita ce illarsa: yana zama cikin ƙasa shekaru, ya shiga jikin ƙwaro, ya wuce jikin tsuntsu, ya taru a kitsen dabba da na mutum. Da aka daina aiki da shi, sauran ya zauna cikin tano a ɗakunan ajiya. A 1991 sai da aka tattara na Nijar, lita dubbai, aka kai Turai aka ƙone, don ba mu da wurin ƙone shi. A 2001 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Istokholm ta hana shi, da aldirin, da wasu irinsu. Nijar tana cikin masu sa hannu.

Ba mu da barikin guba. Amma maganin ƙwari yana kasuwanninmu, yana gonakin wake da na albasa, yana lambunan rani. Abin da ya faru a hekta dubbai yana iya faruwa a bakin rijiya ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, ɗan'uwa manomi: kada ka wanke injin feshi a bakin rijiya ko a tabkin da dabbobi suke sha. Kada ka zuba sauran magani a rami ka ce ƙasa ta shanye, ka ji inda na Denba ya ɓullo. Ƴar'uwa uwar gida: bidon da aka zuba maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma, kada ya zama na ruwa, ko na nono, ko na mai. Maganin da ba shi da takarda a jikinsa, a bar shi a kasuwa. Wanda yake da ita, a karanta kafin a buɗe, a tambayi malamin gona.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru:

1. Ta wace hanya dattin bariki ya kai ga rijiyoyin manoman da ke wajen shinge?

2. Me ya sa dabbobi suka taru a wurin da mutane suke gudu?

3. A garinku, ina ake kai bidon maganin ƙwari in ya ƙare, kuma ina ya kamata a kai shi?

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana rijiyoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.